Sai da ɗalibai suka watse na fara ganin garin

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekarata ta uku a jami'a, kowa ya tafi ban da ni. Wata takarda nake jira a sa mini hannu, mai sa hannun kuma aka ce sai Litinin. Na tsaya a barandar ɗakin kwananmu ina kallon abokai suna jan akwatuna zuwa bakin ƙofa, kowa ya ɗago ya gan ni sai ya ce "Allah ya ba ka haƙuri," kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ni ma a haka na ɗauki abin. Na kwanta daren Juma'ar nan rai a ɓace, ina lissafin kwana biyu da za su tafi a banza.

Da gari ya waye babu wanda ya buga mini ƙofa neman aron caja. Banɗaki babu layi. Na fito na tarar da wata ƙara da ban saba ji ba, na daɗe a tsaye kafin na gane kukan tsuntsaye ne. Ashe suna nan tun fil azal a kan bishiyoyin da nake bi ta ƙarƙashinsu sau huɗu a rana, hayaniyarmu ce ta danne su. A allon sanarwa na sashenmu jadawalin jarrabawa yana nan manne, rana ta fara cin tawadarsa, kusurwa ɗaya ta saki iska tana kaɗa ta. Takardar da ta hana ni barci mako biyu da suka wuce ta koma takarda kawai.

A bakin ƙofa na iske tsohon mai gadin nan zaune a kan benci, rediyonsa a gefe. Na ce, "Baba, ina kwana?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Yau dai ka gan ni ke nan." Na rasa abin cewa. Shekara uku ina wucewa ta gabansa, katin shaida a hannu, ido a kan agogo. Muka ɗan taɓa hira, sai ya tambaye ni ko na taɓa bin hanyar hagu in na fita. Ban taɓa ba. Dama nake yi kullum, inda tasha take da layin masu kwafin takardu da gidajen hayar ɗalibai. Ya ce, "To, garin ai hagu yake. Can da kake zuwa naku ne, ku kuka haife shi."

Na bi hagu. Tafiyar minti ashirin ta kai ni wata tsohuwar unguwa da ban san da ita ba, da wata gada, da fili inda yara ke buga ƙwallo. Wani mutum yana wanke motarsa a ƙofar gida, wata tsohuwa ta fito da kujera tana shan hantsi. Babu wanda ya san an gama jarrabawa, babu wanda ya damu. Ba a tambaye ni aji nawa nake ba, ba a tambaye ni me nake karanta ba. Na zauna a kan gadar nan fiye da awa guda ban yi komai ba, ban kuma ji cewa akwai wani littafi da ke jirana yana harara ba.

Tun daga wannan Asabar ɗin nake da wani ra'ayi da har yau ban sauka daga kansa ba: duk ɗalibin da bai taɓa yin ƙarshen mako ɗaya a garin jami'arsa lokacin hutu ba, bai zauna a garin ba. Ya dai yi karatu a kusa da shi. Kuma jami'o'in da ke mayar da ranar hutu ranar kora, a kulle ɗakuna, a kashe fitilu, a ce kowa ya kama gabansa kafin ƙarfe goma sha biyu, suna hana ɗalibansu wani darasi da ba sa iya koyarwa a aji.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da idonsa. Makantar ɗalibi ta fi ta sauran baƙi, domin shi yana ganin ba baƙo ba ne. Ya zo da dubban irinsa rana ɗaya, sun cika titi, an buɗe musu shaguna, an gina musu ɗakuna, direbobi sun san lokacin tashinsu daga lacca. Dole ya ɗauka don shi aka yi garin. Shi ya sa za ka ji ɗalibai suna cewa in an yi hutu garin mutuwa yake yi. Ban san maganar da ta fi wannan nuna son kai ba, ni ma kuma na sha faɗinta. Abin da ke rufewa layi biyu ne ko uku da ke manne da katangar jami'a. Sauran garin numfashi yake yi. Ana aure, ana haihuwa, ana zuwa aiki, ana jana'iza, kamar yadda ake yi kafin a aza harsashin jami'ar.

Wannan zaman doya da manja tsakanin gari da jami'a tsoho ne, ya kusa kai shekarun jami'a kanta. A Bolonya ta ƙasar Italiya, wadda ake ƙirga kafuwar jami'arta daga 1088, ɗaliban da suka zo daga wasu ƙasashe sun haɗa kansu ƙungiya ne don kare kansu daga mutanen gari: daga tsadar haya, da kuma dokar da ke ba da damar a kama baƙo saboda bashin da wani ɗan ƙasarsu ya ci. Babban makaminsu shi ne barazanar tashi. Jami'a a wancan zamani ba ta da gine-gine masu yawa, malamai ne da ɗalibai da ɗakunan haya, don haka in ransu ya ɓaci sai su naɗe kayansu su koma wani gari da kuɗinsu. Haka aka samu jami'ar garin Faduwa, shi ma a Italiya, a 1222, daga waɗanda suka bar Bolonya. Haka aka samu jami'ar Kambirij ta Ingila a 1209, daga malamai da ɗaliban da suka gudu daga Oksfod, ita ma a Ingila, bayan rikici da mutanen gari. A Faris, rigimar da ta faro daga gardama kan kuɗi a wata mashaya a 1229 ta kai ga kashe ɗalibai, jami'a ta shiga yajin aiki na shekara biyu, sai a 1231 aka sasanta bayan Paparoma ya sa baki.

Mafi muni shi ne na Oksfod a ranar 10 ga Fabrairun 1355. Wasu ɗalibai suka yi wa mai mashaya ƙorafi kan abin da ya zuba musu, magana ta zama duka, duka ya zama yaƙi na kwanaki. An kashe mutane da dama ta kowane ɓangare, na jami'a sun haura sittin. Sarki Edward na Uku ya goyi bayan jami'a, aka ɗora wa magajin gari da 'yan majalisarsa zuwa coci kowace shekara a wannan rana, su biya tarar kobo ɗaya kan kowane ɗalibi da aka kashe. Ba a daina wannan ba sai 1825, wato shekara 470 gari yana durƙusa wa jami'a. Sai a 1955, da abin ya cika shekara 600, aka yi bikin sulhu: jami'a ta ba magajin gari digirin girmamawa, gari ya karrama shugaban jami'a. A Haidelbag ta Jamus kuwa, jami'ar da aka kafa a 1386 har kurkukunta take da shi, domin ɗalibi in ya yi laifi a gari jami'a ce ke hukunta shi. An yi amfani da ɗakunan har zuwa 1914, yanzu masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon zane-zanen da fursunonin suka bari a bango.

Na kawo wannan tarihi ne don a ga cewa katangar da ke tsakanin ɗalibi da ɗan gari ba jiya aka gina ta ba. Tun farko an rene ɗalibi a kan cewa shi daban ne, dokarsa daban, kalandarsa daban. Yau ba a zare takobi, amma ragowar abin na nan. Ɗan gari yana kallon ɗalibi a matsayin mai tsadar da haya, mai hayaniyar dare, wanda zai tafi ya bar shara. Ɗalibi yana kallon ɗan gari a matsayin mai gidan haya, ko direba, ko wanda zai cuce shi a ciniki. Kowa ya san ɗan'uwansa ta hanyar kuɗi kawai. Lokacin zango babu sararin da za a san juna ta wata hanya, domin ɗalibi kullum a makare yake, kuma kullum cikin ayari yake tafiya. Mutum ɗaya ake yi wa hira. Ba a yi wa ayari.

Hutu ne ke mayar da ɗalibi mutum ɗaya. Abin da ya faru da ni a bakin ƙofa ke nan. Baba mai gadi bai canja ba, ni ne aka cire daga cikin taro har ya iya yi mini magana, ni kuma na samu lokacin tsayawa in ji.

A duba lissafin kwanaki ma. A Oksfod zangon karatu uku ne a shekara, kowanne mako takwas, jimla mako 24 cikin 52. Fiye da rabin shekara ke nan garin yana zaune ba tare da yawancin ɗaliban digirin farko ba. A wasu jami'o'in zangon ya fi haka tsawo, amma galibi za ka samu watanni uku ko huɗu da ɗakunan lacca suke a kulle. Wanda ya san garin a lokacin zango kaɗai, fuska ɗaya ya sani, ita ma fuskar da aka yi wa kwalliya dominsa. Kamar ka ce ka san mutum alhali ba ka taɓa ganinsa ba sai a wurin aiki.

Akwai kuma abin da hutun ke yi wa ita kanta jami'ar a idon ɗalibi. Wuri yana riƙe abin da aka ji a cikinsa. Akwai wani babban ɗakin lacca da in na doshe shi cikina yake ɗaurewa, saboda a nan na rubuta jarrabawar da ta fi ba ni wahala. Ranar Lahadin nan na same shi a buɗe, masu shara sun gama aiki sun tafi. Na shiga na zauna a kujerar da na zauna ranar jarrabawar. Ɗaki ne kawai, da tagogi dogaye, haske yana saukowa a kan tebura, wani ya rubuta sunan budurwarsa a jikin benci. Sai a ranar na lura ginin yana da kyau. Daga baya na sake rubuta jarrabawa biyu a ɗakin, kuma ban shige shi da irin tsoron da ba. Ba na cewa zaman rabin awa a ɗaki babu kowa yana warkar da damuwar karatu. Ina cewa ɗalibin da bai taɓa ganin makarantarsa cikin kwanciyar hankali ba, zai fita da ita a ransa a matsayin wurin wahala kawai, kuma hakan asara ce gare shi, asara ce ga makarantar.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce hutu na iyaye ne, sun yi wata huɗu ba su ga ɗansu ba, wane irin rashin tausayi ne a ce ya ƙara kwana? Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a yi hutun duka a can ba. Kwana biyu nake magana, sau ɗaya ko sau biyu a tsawon karatun gaba ɗaya. Za a ce zaman yana cin kuɗi, ɗalibi kuma a ƙarshen zango aljihunsa a bushe yake. Wannan ma gaskiya ne, sai dai irin ƙarshen makon da nake nufi shi ne mafi arha da mutum zai yi: ƙafa ce da ido. Da zarar ka fara tsara wuraren da za ka je da awannin da za ka yi a kowanne, ka koma zango ke nan, ka yi wa kanka sabon jadawali.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta hukumomin jami'a. Suna cewa hutu ne lokacin gyara: fenti, famfo, wayoyin lantarki, feshin ƙwari. Suna cewa ɗalibi ɗaya a ginin mutum ɗari huɗu hatsari ne, in wani abu ya same shi wa zai sani? Ban raina wannan ba. Amma amsarsa ba ta da wuya: a bar gini ɗaya a buɗe, a tara masu son zama a cikinsa, su rubuta suna, a bar musu mai gadi da ruwa da wuta. Jami'o'i da yawa suna yin haka don ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje, ba a ga sama ta faɗo ba. Wasu kuma dalilinsu na kora ba gyara ba ne. A Oksfod da Kambirij sananne ne cewa kwalejoji da dama suna sa ɗalibai su kwashe kayansu a ƙarshen zango, su ba da hayar ɗakunan ga mahalarta taruka da masu kwasa-kwasan bazara da masu yawon buɗe ido. Ban ce haramun ba ne makaranta ta nemi kuɗi. Amma in har akwai gado don baƙon da ya zo taro, a samu gado don ɗalibin da ke son kwana biyu.

Akwai ma waɗanda zaman hutu a wurinsu ba sha'awa ba ce. Maraya, da wanda gidansu ke wata ƙasa, da wanda gidan nasu ba wurin komawa ba ne. An ga wannan ƙarara a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa jami'o'i a ƙasashe da yawa suka ce kowa ya tafi gida cikin 'yan kwanaki, sai ga ɗalibai da ba su da inda za su dosa. Dokar da ta ɗauka cewa kowane ɗalibi yana da ɗaki yana jiransa a wani wuri, doka ce da waɗanda ba su taɓa rasa ɗaki ba suka rubuta.

Ba zan kuma yi kamar shirun hutu daɗi ne ga kowa ba. Mai kwafin takardu da ke bakin ƙofa, ranar Asabar ɗin nan ƙofarsa rabi a buɗe take, injinsa a lulluɓe da ƙyalle, shi kuma yana gyangyaɗi. Abin da ni nake kira natsuwa, a wurinsa wata uku ne babu ciniki. Lokacin korona irinsu ne suka fi jin jiki a garuruwan da suka dogara da ɗalibai. Wannan bai rushe maganata ba, ya dai hana ni yin waƙa da ita. Ɗalibin da ya ga injin nan a lulluɓe ya fahimci abin da zuwansa da tafiyarsa ke yi wa wasu, kuma da wuya ya dawo zango na gaba yana yi wa mutumin tsawa don takarda ta fito da duhu.

Da ni ne mai faɗa a ji a wata jami'a, da na ƙara da abu ɗaya: a lokacin hutu a buɗe laburare da filayen wasa da lambuna ga mutanen gari. Akwai mutanen da aka haifa tafiyar minti goma daga katangar jami'a, suka tsufa ba su taɓa taka cikinta ba, sai dai in aiki ya kai su. Watannin da kujerun laburare suke zaune babu kowa, ɗan sakandaren unguwar da ke hagu zai iya zama a kansu. In ɗalibi ya fita ya ga gari, ɗan gari ya shigo ya ga jami'a, an rage wa katangar tsawo ba tare da an cire bulo ko ɗaya ba.

Ga waɗanda suka gama kuwa, shawarata ita ce kada su jira taron tsofaffin ɗalibai. Na je irin taron nan sau biyu. Ana haɗuwa, ana auna juna da ido, wa ya yi ƙiba, wa ya zo da wace mota, a ɗauki hoto a watse. Ayarin nan ne dai ya dawo da furfura. Komawa a tsakiyar zango kuma ta fi ciwo, domin za ka tarar da wasu yara zaune a wurinka, suna dariya a inda kuka yi dariya, ɗaya ma ya matsa maka hanya ya ce "Baba, wuce." A lokacin hutu babu wanda ya gaje ka tukuna. Kana iya tsayawa a ƙarƙashin tagar tsohon ɗakinka yadda ka ga dama, ba mai tambayarka wa kake nema.

Na yi hakan shekaru bayan na gama. Na isa ranar Juma'a da yamma a tsakiyar dogon hutu, na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, na kashe waya. Da safe na nufi ƙofar jami'a. Bencin yana nan, amma wani saurayi ne a kai, da waya a hannu maimakon rediyo. Na tambaye shi tsohon da ke zama a nan da. Ya ce ya ji labarinsa, ya yi ritaya kafin shi ya fara aiki, amma yana jin gidansa ba nisa, can wajen gada. Ya miƙa hannu zai nuna mini hanya, ya ce, "Yallaɓai, in ka fita sai ka yi..." Na ce masa na sani, hagu ne.